Ƙafa ta riga hankali: me ya sa muke tsalle kafin mu gane maciji ne ko tiyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin albasa ne a fadamar Wurno. Ranar nan da almuru na koma ɗauko injin ban ruwa, sai na hango wani abu baƙi a miƙe bakin fangali. Kafin in san abin da ake ciki sai ga ni can gefe, gabana yana dukan uku-uku. Da na haska, ashe tiyo ne. Yaran da ke tare da ni suka yi ta dariya. Abin mamaki, ɗiyata 'yar wata takwas ba ta tsoron komai mai jan ciki, har ƙadangare take miƙa wa hannu, amma in baƙo ya ɗauke ta sai kuka. Ni kuma da dare nakan ga kamar fuskar mutum a jikin katanga ko kututturen dogon yaro. Shin da wannan tsoro aka haife mu, ko koyonsa muke yi? Ganin fuskar nan kuma, lafiya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da aiki Malam, Allah ya sa albarka a noman bana. Tambayoyi uku ka ƙunso cikin ɗaya, kuma dukansu suna cikin abin da nake koya wa ɗaliban likitanci a nan Sakkwato idan muka zo kan aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ka yi haƙuri da ni, zan ɗan tsawaita.

Bari in fara da tsallen, tunda shi ya jawo maka dariya. Babu ragwantaka a cikinsa ko ƙwaya ɗaya.

Idan haske ya faɗa a kan tantanin da ke bayan ƙwayar ido, saƙo yana fita ta jijiyar gani ya nufi cikin kai. Mafi yawansa babbar hanya yake bi. Ya yada zango a wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus, daga nan ya wuce can ƙeya, inda ɓawon ƙwaƙwalwa ke warware hoton zare-zare: nan layi, nan launi, nan motsi. Sai a tura shi gaba ta gefen kai, saitin kunnuwa, inda ake gwada shi da duk abin da ka taɓa gani, har a yanke hukunci cewa wannan tiyon da ka ajiye da hannunka ne da la'asar. Aiki ne mai tsafta, amma yana cin kusan rubu'in sakan ko fiye, kuma cikin duhun almuru ya fi haka.

Akwai kuma wata 'yar hanya ta ratse. Wani ɓangare na saƙon yana sauka a wani ɗan tudu a saman gindin ƙwaƙwalwa mai suna kolikulus, ya shiga wani sashe na talamus da ake kira fulbina, daga nan ya isa amigdala. Amigdala ɗan curi ne da bai wuce ƙwallon dabino ba, guda biyu, ɗaya a kowane gefe, can ciki saitin kunne. Hoton da ke bin wannan hanya dishi-dishi ne, ba launi sosai, ba ƙananan bayanai. Abin da kawai yake ɗauke da shi: dogo, siriri, a lanƙwashe, a ƙasa, kusa da ƙafa. Amigdala ba ta jiran ƙarin bayani. Kamar dogari ne a ƙofar fada. In ya ga mutum ya taho a guje da wani abu na walƙiya a hannu, tare shi zai fara yi. Ba zai tsaya sai magana ta ratsa zaure bayan zaure ta kai ga Sarki ta dawo ba. In daga baya aka gane madubi ne a hannun mutumin, sai a ba shi haƙuri.

Joseph LeDoux ne ya fara bin sawun irin wannan hanya biyu a Amurka cikin shekarun 1980, a kan ɓeraye, kuma da sauti ya yi aiki. A mutum, wata hujja mai ƙarfi ta fito a 2016 daga birnin Madrid na Sifaniya. Akwai masu ciwon farfaɗiya da likitoci suka sanya wa ƙananan wayoyi a cikin ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa. Aka nuna musu hotunan fuskoki, sai aka ga amigdala tana amsa wa fuskar mai firgici cikin kashi 74 cikin 1000 na sakan, kuma da hoton dishi-dishi take yin wannan sauri. Masana ba su gama sasantawa a kan taswirar ba. Luiz Pessoa da Ralph Adolphs sun rubuta a 2010 cewa hanyoyin sauri suna da yawa, wasu ma ta cikin ɓawon ƙwaƙwalwar suke ratsawa. Amma a kan cewa jiki yana motsawa kafin mutum ya san abin da ya gani, babu gardama.

Da zarar amigdala ta buga ƙararrawa, jijiyoyin gaggawa suna tashi, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma cinya da damtse, baki ya bushe, tsikar jiki ta tashi. Shi ya sa ko bayan ka haska ka ga tiyo, gabanka bai daina bugawa nan take ba. Hankali ya riga ya gamsu, amma sinadarin da ya shiga jini sai ya ɗauki mintoci kafin ya lafa.

Ka yi lissafin da manomi ya fi kowa iyawa. In ka yi tsalle saboda tiyo sau ɗari, abin da ka yi hasara shi ne ɗan numfashi da dariyar yara. In ka ƙi yin tsalle sau ɗaya kuma ya zama kububuwa ce, wadda mutanenmu ke kira gobe da nisa, kana iya rasa ƙafa ko rai. An ɗauki saran wasu macizai da kyamara mai sauri, aka ga bai kai ƙiftawar ido ba, don haka ba wanda ke kauce wa sara bayan maciji ya kawo shi. Tsira tana ga wanda ya ja burki tun kafin ya shiga inda saran zai kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda saran maciji, kuma a 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A arewacin Najeriya kububuwa ce kan gaba, har a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji. Ƙwaƙwalwar da ke yawan kuskure ta ɓangaren tsalle, mai ita ya fi daɗewa a gona.

Yanzu ga ainihin tambayarka, da shi aka haife mu ko koyonsa muke? A nan birai suka taimake mu ƙwarai. Hausawa sun ce biri ya yi kama da mutum, kuma a tsarin ido da sassan gani na ƙwaƙwalwa kamar ta kai inda abin da aka gano a wurinsu galibi ana samunsa a wurinmu. Idanu biyu a gaba, ganin launi, auna nisa, duk iri ɗaya.

Wata masaniya mai suna Lynne Isbell, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ta daɗe tana bin birai a dajin Kenya, har da jan biri irin wanda ke ɓarnar gona a ƙasarmu. Ta ba da labarin ranar da tana cikin sauri a daji ta ji ta ƙame wuri ɗaya, sai bayan ta tsaya ta gane gamsheƙa ce a gabanta ta fasa kai. Irin abin da ya same ka ke nan. A 2006 ta fito da ra'ayin cewa doguwar zama da macizai na daga cikin abin da ya wasa ganin dangin birai. Cikin hujjojinta akwai cewa dabbobin da ake kira lemur, wasu dangin birai na tsibirin Madagaska, inda babu macizai masu mugun dafi, ganinsu bai kai na biran Afirka da Asiya ba. Ra'ayi ne, kuma akwai masu ja da shi. Amma a 2013 ita da masana daga Jami'ar Toyama ta Japan da Jami'ar Birasiliya suka gwada wani ɓangarensa. Suka saurari ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a cikin fulbinar birai biyu da aka raina a killace, ba su taɓa haɗuwa da maciji ba. Aka nuna musu hotuna iri huɗu: macizai, fuskokin birai, hannayen birai, da zane-zane irin da'ira da murabba'i. Cikin ƙwayoyi 91 da aka gwada da duka hotunan, kusan kashi 40 cikin ɗari maciji suka fi amsa wa, kuma amsarsu ta fi sauri da ƙarfi. Fuska ce ta zo ta biyu.

Da a nan aka tsaya sai mu ce an gama, da tsoron aka haife mu. Amma tun cikin shekarun 1980 Susan Mineka da Michael Cook sun ga wani abu a Wiskonsin da ke kawo cikas. Biran da aka kamo daga daji suna matuƙar tsoron maciji, ko na roba ne. Waɗanda aka haifa a ɗakin bincike kuwa ko a jikinsu, suna miƙa hannu ta kan maciji su ɗauki abinci. Sai aka bar na gida ya kalli na daji yana firgita da maciji. Cikin ɗan lokaci kaɗan shi ma ya kamu, kuma bayan wata uku da aka sake gwada shi tsoron yana nan. Daga nan suka yi wata dabara da nake jin daɗin ba ɗalibai labarinta duk shekara. Suka ɗauki bidiyon biri yana firgita, suka yanka suka haɗa, ta yadda wasu birai za su ga kamar maciji yake tsoro, wasu kuma su ga kamar fure yake tsoro. Firgicin iri ɗaya ne, biri ɗaya ne. Waɗanda suka ga na maciji suka koyi tsoron maciji. Waɗanda suka ga na fure ba su koyi tsoron fure ba.

To ka ga inda amsar take. Abin da muke zuwa da shi daga ciki shiri ne. Ido yana saurin tsinto siffar maciji a cikin tarkace, hankali yana karkata gare ta, kuma darasi ɗaya ya isa ya zauna daram. Tsoron kansa kuwa a gida ake ɗaukarsa, daga ihun uwa, daga yadda uba ya zabura, daga labarin wane da aka kai asibiti. Kamar fadama ce da taki ya riga ya kama, iri ɗaya za ka jefa ya fito, alhali a kan fako ko tiya ka zuba a banza. An ga haka a 'ya'yan mutane. Vanessa LoBue da Judy DeLoache sun nuna a 2008 cewa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 sun fi saurin gano hoton maciji a cikin furanni fiye da gano fure a cikin macizai. A 2017 kuma a Jamus da Suwidin aka ga ƙwayar idon jarirai 'yan wata shida tana ƙara buɗewa in sun ga hoton gizo-gizo ko maciji. Amma ba sa kuka, ba sa ja da baya. Kallo kawai suke yi da dukan hankalinsu. Ɗiyarka da ke miƙa wa ƙadangare hannu tana daidai wannan mataki.

Biran dajin Amboseli na Kenya ma haka suke. A 1980 Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler suka tabbatar cewa wani nau'in biri a can yana da kuka daban-daban na gargaɗi. In aka yi na damisa sai su haye bishiya. In na gaggafa ne su ɗaga kai sama su faɗa cikin kurmi. In na maciji ne su miƙe a kan ƙafa biyu suna duba ciyawa. Ƙanana suna fara yin kukan tun da wuri, amma da kuskure: su yi kukan gaggafa don tsuntsun da ba ya cutarwa, har don ganyen da ya faɗo. Sai dai ba su cika yin kukan gaggafa don abin da ke ja a ƙasa ba. Rabon farko yana nan tun asali, gyaran kuma daga manya suke samunsa.

Karin maganarmu ta riga ta kama rabin wannan: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da bincike ya ƙara shi ne ba sai ya sare ka ba. Ganin fuskar wanda ya firgita ya wadatar.

Wannan ya kawo mu ga fuska, wadda a wurina ta fi maganar maciji ban mamaki. A 1975 Carolyn Goren da abokan aikinta suka gwada jarirai 40 a Amurka, yawancinsu mintoci kaɗan da haihuwa, matsakaicinsu minti 9. Aka zana fuska a kan allo, aka zana wata da idanu da baki a hargitse, aka bar wani allon babu komai. Jariran suka fi juya kai da ido suna bin mai fuska. Na taɓa gwada irin wannan da ɗan ƙanwata kwana biyu da haihuwarsa, a ɗakin gyatumarmu, da safe kafin mata su cika gidan. Na tallabe kansa, na kawo fuskata kusa, na karkata a hankali zuwa dama. Idanun nan da ba su gama buɗewa ba suka biyo ni, suka tsaya, suka sake biyowa. Gyatuma ta ce, "Ai shina ganin ka." Gaskiyarta. Jariri ya fi gani a nisan santimita 20 zuwa 30, wato daidai tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta lokacin shayarwa.

Abin da jariri ke nema ba wani abu mai yawa ba ne: ɗigo biyu masu duhu a sama, ɗaya a ƙasa. Sauran duk kallo ne ke ginawa. Yoichi Sugita a Japan ya raini 'ya'yan birai na tsawon wata 6 zuwa 24 ba tare da sun ga fuska ko ɗaya ba, masu kula da su suna rufe fuska. Ya ba da rahoto a 2008 cewa duk da haka sun fi son kallon hoton fuska a kan na wasu abubuwa. Bayan wata ɗaya suna ganin fuskar mutane kawai ko ta birai kawai, sai suka ƙware a kan wadda suka fara gani, ɗayar ta yi musu wuya. A Harvard kuma, a 2017, Margaret Livingstone da Michael Arcaro suka duba ƙwaƙwalwar biran da suka tashi ba su ga fuska ba, suka tarar wuraren da aka saba samu na gane fuska ba su tsiro ba, kuma hannu suka fi kallo. Sakamakon biyu bai zo ɗaya ta kowace fuska ba, amma sun haɗu a kan cewa ƙwarewar sai da kallo.

Wuraren nan na gaske ne, ana iya nuna su. Charles Gross ne ya fara cin karo da ƙwayoyin jijiya masu amsa wa hannu da fuska a ƙwaƙwalwar biri wajen 1970, kuma mutane da yawa ba su yarda da shi ba a lokacin. A 1997 Nancy Kanwisher ta nuna da na'urar hoton ƙwaƙwalwa cewa mutum yana da wani ɗan fili a ƙasan gefen ƙwaƙwalwa, galibi ya fi ƙarfi a dama, da ke tashi idan an ga fuska. Doris Tsao da Winrich Freiwald suka shiga irin wannan fili a biri a 2006, suka tarar kashi 97 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke amsa wa gani a wurin fuska suka fi so. A 2017 Tsao da Le Chang suka saurari ƙwayoyi 205 kacal, suka sa kwamfuta ta zana fuskar da birin ke kallo daga motsinsu, zanen ya fito kusan sak. In wannan sashe ya lalace, ko ya zo da rauni tun haihuwa, mutum yana ganin ido da hanci da baki sarai amma ba ya gane mai su, wani lokaci har matarsa sai ta yi magana. Wani likitan Jamus, Joachim Bodamer, ya raɗa wa larurar suna a 1947.

Fuskar da kake gani a katanga daga nan take. Na'urar da aka saita ta tsinto ɗigo biyu da ɗaya cikin gaggawa dole ta riƙa tsintowa a inda babu: ramuka biyu da tsaga a ginin laka, kulli a kututture, gaban mota, soket ɗin lantarki. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko hoton wani tsauni a duniyar Mas, mutane suka rantse fuska ce, sai hotuna masu kyau daga baya suka nuna tudu ne da inuwa. A 2017 an nuna cewa birai ma suna faɗawa wannan ruɗu, suna ƙura wa "idanun" da ke jikin kayan amfani ido. Lissafin ɗaya ne da na tiyo: ganin mutum a inda babu ya fi arha a kan rashin ganin wanda ya laɓe. Matuƙar in ka matsa ko ka haska sai ta koma katanga, lafiyarka ƙalau. Inda za a nemi likita shi ne in fuskar ta ƙi ɓacewa cikin haske, ko tana magana, ko mutum yana jin muryoyin da wasu ba sa ji. Haka kuma wanda ya tsira daga hari ko haɗari, ya wuce wata guda yana zabura da ƙaramin motsi, yana mugayen mafarkai, barci ya gagara. Wannan amigdala ce ta ƙi sauka daga kan gadi, kuma ana maganinsa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware bai yi muku nisa ba.

A cikin fuskar ma, ido ne kan gaba. Akwai wata mata a Amurka da masana ke kira da haruffa biyu, S.M., wadda wata cuta ta gado ta lalata mata amigdala duka biyu. An kai ta shagon da ake sayar da macizai, ta ɗauki ɗaya tana shafawa, tana neman taɓa masu dafi sai da aka hana ta. Kuma ba ta iya gane tsoro a fuskar mutane. A 2005 Adolphs ya gano dalili: ba ta kallon idanu. Da aka ce mata ta dubi ido, sai ta gane daidai. Wani gwaji na 2004 ya nuna cewa farin idon mai firgici kaɗai, an walƙa shi na ɗan lokacin da mutum bai ma san ya gani ba, ya isa ya tayar da amigdala. Mu a nan wannan ba baƙon abu ba ne. Basarake ya ja amawali ya rufe baki, Buzu ya naɗe fuska sai idanu, mace ta sa niƙabi, amma kana dubansu ka san ko ransu a ɓace yake.

Ƙiwar ɗiyarka alamar ci gaba ce. Tsakanin wata shida da tara yaro yana gama tantance fuskokin gida, don haka baƙuwar fuska take fita daban. Olivier Pascalis ya nuna a 2002 cewa jariri ɗan wata shida yana bambanta fuskar biri da ta wani biri, ɗan wata tara kuwa ya daina, ya tattara ƙwarewarsa a kan irin fuskokin da ke kewaye da shi. Daga baya aka ga haka ma yake faruwa da fuskokin wasu jinsunan mutane da yaro bai saba gani ba. Shi ya sa wani zai ce duk Sinawa kamarsu ɗaya, su ma haka suke faɗi a kanmu.

Akwai abin da ke damuna a nan, kuma ba zan tsallake shi ba. Abin da aka koya, in ya daɗe, shi ma hanyar saurin nan yake bi, har mutum ya ɗauka da shi aka haife shi. Dattijo a kasuwar Sakkwato yana ganin tsagar fuska ya san Bagobiri ne ko Bakabe kafin ya yi tunani, alhali ba wanda aka haifa da sanin tsaga. Tsoro ma haka. Shekarun nan na tashin hankali a gabashin jiharmu, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, sun koya wa mutane da yawa faɗuwar gaba in sun ga wata irin shiga, ko rawani, ko babur ɗauke da mutum biyu a bakin daji. Ba na zargin wanda aka ƙona wa gari don gabansa ya faɗi. Amma faɗuwar gaban dogari ne ya tare hanya, kuma dogarin da hoton dishi-dishi yake aiki. Yadda ya kasa bambanta tiyo da kububuwa, haka ba ya bambanta ɗan bindiga da makiyayin da shi ma aka kwashe wa shanu. Da tiyo, kuskuren dariya yake jawowa. Da mutum, mun ga inda ya kai ga jini. Wani bincike na Andreas Olsson da Elizabeth Phelps da abokan aikinsu a 2005 ya nuna cewa tsoron da aka koya game da fuskar mai wani launin fata daban ya fi wuyar gogewa a kan na mai irin launin fatar mutum, amma ya fi sauƙi ga waɗanda suka yi mu'amala ta kusa da ɗaya ɓangaren. Cuɗanyar kasuwa da maƙwabtaka da auratayya da iyayenmu suka yi da Fulanin rugage tana aiki har a cikin jijiya, kuma in ta yanke za mu ji a jikinmu.

A gona, kada ka dogara da saurin ido kaɗai. Kububuwa launin ƙasa gare ta, gajera ce, tana naɗewa cikin busasshen ganye da ƙarƙashin tarin albasa, kuma da almuru da dare ta fi fita. Abin da bai fita daban da ƙasa ba, hanyar saurin ma tana iya wuce shi. Takalmin roba mai tsawo, tocila, da sanda da za ka riƙa bugawa gabanka sun fi tsalle amfani. In ka ji wani sauti kamar ana zuba ruwa a kasko mai zafi, ita ce ke goga ɓawonta, ka ja da baya. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana gaɓar motsi, a nufi asibitin da ke da allurar dafi ko da wurin bai kumbura sosai ba, domin dafinta jini yake hana daskarewa kuma illar takan bayyana daga baya.

Ita kuma yarinya, fuskarku take karantawa. A 1985 James Sorce da abokan aikinsa suka ɗora yara 'yan shekara ɗaya a kan tebur mai gilashi da ke nuna kamar akwai ɗan rami a tsakiya, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Da uwaye suka yi fuskar tsoro, ko yaro ɗaya bai tsallaka ba. Da suka yi murmushi, kusan uku cikin huɗu suka rarrafa suka wuce. Don haka ranar da kuka ga maciji ko kunama a gida, ɗauke ta da ja da baya da fuskar gargaɗi darasi ne da zai zauna mata, kuma tana bukatarsa. Kada dai a riƙa tsorata ta da kyanwa ko duhu ko wani maƙwabci don a sa ta yi shiru. In baƙo ya zo, kada a miƙa masa ita daga shigowarsa. A bar shi ya zauna a tabarma, ku gaisa, ta ji muryarsa tana jikin uwarta. Za ka ga ta dube shi, ta juyo ta dubi uwar, ta sake dubansa. Sai an yi haka sau biyu ko uku sannan ya miƙo hannu.